Aikin kwamfuta a fina-finan mutane: yadda ya mamaye sinima, da waɗanda ke ɗauke da nauyinsa

A watan Fabrairun 2025 kamfanin Technicolor, wanda sunansa ya fi shekara 100 a harkar fim, ya durƙushe. Tare da shi aka rufe MPC da The Mill, manyan rassansa biyu da ke haɗa hotunan kwamfuta, ma'aikata dubbai suka wayi gari babu aiki a Amurka da Birtaniya da Kanada da Indiya. MPC ɗin nan shi ne ya ƙera dabbobin The Lion King na 2019, fim ɗin da ya tara fiye da dala biliyan 1.6.

Labarin ya ɗaure wa mutane kai. Ba a taɓa buƙatar aikin kwamfuta a fim kamar yanzu ba, amma kamfanonin da ke yin sa suna karyewa. Kusan babu babban fim da ke fita ba tare da shi ba, amma masu tallata fina-finai sai bugun ƙirji suke yi cewa nasu na gaske ne, babu kwamfuta a ciki. Su kuma masu kallo suna ƙorafin cewa hotunan yanzu ba su kai na shekara 30 da suka wuce ba, alhali na'urorin sun ninka na wancan lokaci ƙarfi nesa ba kusa ba. Waɗannan abubuwa uku suna da alaƙa da juna, kuma ba a gane alaƙar sai an fara rarrabe aikin.

Aiki iri uku da ake haɗawa a suna ɗaya

Na farko shi ne dabarar da ake yi a gaban kyamara lokacin ɗauka: a tada wuta ta gaske, a kifar da mota, a yi ruwan sama da famfo, a ƙera gunkin dabba mai motsi da inji. Abin da kyamara ta gani ya faru a wurin.

Na biyu shi ne duk gyaran da ake yi wa hoto bayan an gama ɗauka, wanda 'yan masana'antar ke taƙaitawa da VFX. A nan ake goge igiyar da ta riƙe jarumi a sama, a cire falwayar wuta daga fim ɗin da ke ba da labarin zamanin da, a musanya koren kyallen da aka rataya a bayan jarumi da hoton wani gari. Ana iya yin wannan duka da hotunan gaske da aka ɗauka daban-daban aka haɗe.

Na uku shi ne CGI, wato abin da ba a taɓa ɗauka da kyamara ba, a cikin kwamfuta aka gina shi daga tushe. Shi reshe ne na nau'i na biyu. Idan darakta ya ce fim ɗinsa babu CGI, yana iya faɗin gaskiya, duk da cewa ɗaruruwan gaɓoɓin fim ɗin, wato gajerun ɗauka da ake jerawa su zama fim, sun bi ta hannun masu gyara a kwamfuta. Yawancin ruɗanin daga nan yake tasowa.

Ga yadda ake gina damisa ɗaya tal. Wani zai sassaƙa siffar jikinta a kwamfuta. Wani zai saka mata ƙashi da gaɓoɓi don ta iya motsi, wani ya ɗora nama da fata, wani kuma aikinsa gashi ne kawai, yadda zai kwanta idan ya jiƙe da yadda iska za ta kaɗa shi. Mai motsa ta zai zauna yana kallon bidiyon damisar gaske, yana daidaita ɗaga ƙafa da lumshe ido. Sai mai haske. Tun a wurin ɗauka, kafin a tashi daga kowace fitowa, wani ma'aikaci kan shiga gaban kyamara riƙe da ƙwallo biyu, ɗaya mai ruwan toka, ɗaya mai sheƙi kamar madubi. Ƙwallon tokar na nuna ƙarfin hasken wurin da ɓangaren da yake fitowa, mai sheƙin kuma na nuna abin da ke kewaye. Da su za a haska damisar don ta zauna daidai da mutumin da ke tsaye kusa da ita. Daga nan ɗaruruwan kwamfutoci za su lissafa hoton ƙarshe. Fim na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa guda, wato 1,440 a minti ɗaya, kuma hoto guda mai sarƙaƙiya kan ci sa'o'i kafin ya fito. Idan darakta ya ce a ɗan juya kan damisar hagu, da yawa daga cikin matakan nan sai an maimaita su.

Daga ina aka taso

Yaudarar ido ta girmi kwamfuta. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Georges Méliès, wani mai shirya fim na Faransa, ke tsayar da kyamara ya sauya abin da ke gabanta, mutum ya ɓace a idon mai kallo. King Kong na 1933 ɗan ƙaramin gunki ne da ake motsawa kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto ɗai-ɗai. A 1975 George Lucas ya kafa kamfanin Industrial Light & Magic don aikin Star Wars, kuma jiragen wancan fim ƙananan ƙere-ƙere ne na hannu. Kwamfuta ta shigo a hankali, ta Westworld a 1973, da Tron a 1982, da mutumin narkakken ƙarfe na Terminator 2 a 1991.

Jurassic Park na 1993 ne ya sauya lissafi. Daraktansa Steven Spielberg ya fara shirin motsa dabbobinsa, wato manyan dabbobin zamanin da da ake kira dinosaur, da tsohuwar dabarar gumaka, sai ma'aikatan Industrial Light & Magic suka nuna masa gwajin da suka yi a kwamfuta, ya canza shawara. Abin da ake yawan mantawa shi ne ƙanƙantar aikin: kimanin minti 6 ne kacal na fim ɗin ke ɗauke da dabbobin kwamfuta, a gaɓoɓi 60 da 'yan kai. Sauran manyan gumaka ne masu motsi da inji da Stan Winston da mutanensa suka ƙera. Fitowar da aka fi tunawa, inda babbar dabbar ta fasa shinge, an yi ta cikin dare da ruwan sama, inda duhu ke rufe aibi. An san kowace gaɓa tun kafin a fara ɗauka, an kuma ba ta lokacinta.

A kwatanta wannan da Avengers: Endgame na 2019, mai gaɓoɓin gyara kusan 2,500, waɗanda aka rarraba wa kamfanoni fiye da goma a ƙasashe daban-daban. A tsakanin waɗannan shekaru aka samu dabarar naɗar motsin ɗan wasa a ɗora wa halittar kwamfuta, wadda ɗan wasa Andy Serkis ya yi suna da ita a matsayin Gollum, wata halitta a fim ɗin The Lord of the Rings, a 2002, James Cameron kuma ya faɗaɗa ta a Avatar a 2009. The Jungle Book na 2016 an ɗauke shi a cikin ɗakin ɗaukar fim a Los Angeles, yaron ne kaɗai jarumi mai rai, dajin da dabbobin duk na kwamfuta ne. Da aka zo The Lion King, gaɓa ɗaya ce tak aka ɗauka da kyamara a Afirka, fitowar rana ta farkon fim. Kamfanin Disney mai fim ɗin bai so a kira shi katun ba, amma masu ba da kyautar Golden Globe a rukunin katun suka saka shi.

Abin da ke ingiza shi

Babban dalili shi ne irin fim ɗin da manyan kamfanonin Hollywood suka dogara da shi. Fim mai cin dala miliyan 200 dole ya sayu a Chaina da Brazil da Koriya kamar yadda zai sayu a Amurka, kuma rushewar birni ba ta buƙatar fassara. Jarumai masu tashi sama da yaƙin taurari su suka riƙe kasuwa kusan shekara 20, kuma babu yadda za a ɗauke su da kyamara kaɗai.

Akwai tsada da haɗari. Tara mutum 20,000 a fili, a tufatar da su, a ciyar da su kwana da kwanaki, ya fi ƙarfin kasafin kowa. Mutum 200 ake ɗauka, kwamfuta ta cike sauran. Bayan harbin da ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins a wurin ɗaukar fim ɗin Rust a jihar New Mexico cikin Oktoban 2021, wasu masu shirya fim sun daina amfani da bindiga mai tashi, suna ƙara walƙiyar harbi daga baya. Dabbobin daji ma an rage wahalar da su.

Dalili na uku ba a cika faɗarsa ba, kuma shi ya fi tasiri a kan ingancin abin da ake gani. Kwamfuta na ba kamfani damar ɗage shawara. Gini na gaske idan an gina an gina. Amma idan koren kyalle ne a bayan jarumi, ana iya sauya gari, a sauya rigarsa, a sauya ma ƙarshen labarin bayan an nuna wa 'yan gwaji fim ɗin sun ce bai yi musu ba. Ranar fitar fim kuwa an riga an sanar, ba ta matsawa. Duk canjin da aka yi a makare, a kan masu gyara yake sauka.

Masu son na gaske da masu kare na'ura

Ɓangare ɗaya na cewa ido ba ya yaudaruwa gaba ɗaya. Abu na gaske yana da nauyi, ƙura na tashi yadda ta ga dama, haske na faɗa wa fuska yadda babu wanda ya tsara. Darakta Christopher Nolan ne fitaccen mai wannan ra'ayi: a Tenet na 2020 ya sa an tura jirgin Boeing 747 na gaske cikin gini, a Oppenheimer na 2023 kuma ya ce ba a gina fashewar bam ɗin nukiliyar da ke cikin fim ɗin a kwamfuta ba. Suna ƙarawa da cewa wasan jarumi na raguwa idan yana magana da ƙwallon da aka soke a sanda maimakon mutum. Ɗan wasa Ian McKellen ya ba da labarin yadda ya karaya har ya yi kuka lokacin ɗaukar The Hobbit, da aka bar shi shi kaɗai cikin koren ɗaki yana magana da hotunan abokan wasansa. Hujja ce mai ƙarfi, kuma har masu aikin kwamfutar ba sa musanta ta. Su ma sun fi son a ba su abu na gaske su ɗora aiki a kai.

Ɗaya ɓangaren na cewa mai kallo aikin da ya lalace kawai yake gani, wanda ya yi kyau ba ya sanin an yi shi. Top Gun: Maverick na 2022 an tallata shi a matsayin fim na gaske, kuma lallai 'yan wasan sun hau jiragen yaƙi an ɗauke su a sama. Amma fim ɗin na da gaɓoɓin gyara kusan 2,400. Wasu jiragen da aka gani ba su ne suka tashi ba: an ɗauki wani jirgi daban yana shawagi, aka lulluɓe shi da siffar wanda labarin ke buƙata. Har takarar kyautar Oscar ta wannan fanni fim ɗin ya shiga. Masu kare na'ura na ganin tallan "babu kwamfuta" a matsayin shafe sunan ɗaruruwan mutanen da suka yi aikin.

Idan aka auna, saɓanin bai kai yadda ake kururuta shi ba. Fina-finan da ɓangarorin biyu ke yabo galibi masu gauraya dabarun ne. Misalin da ya fi fayyace lamarin daga Japan ya zo. Godzilla Minus One na 2023 an yi shi da kuɗin da bai kai dala miliyan 15 ba, mutum 35 suka yi gaɓoɓi 610, ya kuma doke fina-finan da suka ninka shi kasafi sau goma ya ɗauki Oscar a Maris ɗin 2024. Daraktansa, Takashi Yamazaki, shi kansa ma'aikacin wannan fanni ne, kuma yana zaune wuri ɗaya da masu gyaran, ya duba aiki ya yanke hukunci nan take. Tun ran gini tun ran zane. Ko da yake a nan ma akwai mai ja, domin albashi da tsawon lokacin aiki a masana'antar Japan ba irin na Amurka ba ne, don haka kwatanta kasafin kai tsaye na iya ɓoye wani abu.

An kuma samu hanyar tsakiya. Shirin The Mandalorian na 2019 ya maye gurbin koren kyalle da katafaren bangon allo mai kewaye 'yan wasa, tsayinsa kusan mita 6, yana nuna wurin da labarin ke faruwa ta amfani da manhajar wasannin bidiyo ta Unreal Engine. Jarumi na ganin inda yake, hasken bangon na sauka a jikinsa. Sharaɗin shi ne dole a gama zana wurin kafin ɗauka, wato a yanke shawara da wuri.

Me ya sa masu aikin ke karyewa

Yawancin kamfanonin gyara 'yan kwangila ne. Manyan masu ba da aiki ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, masu nema kuwa da yawa, kowa na karya farashi don ya samu. Sau da yawa kuɗin a ƙayyade yake tun farko, kuma ɗan kwangila ba shi da kaso a ribar fim. Kamar tela ne da ya yi ciniki a kan ɗinki ɗaya, mai kaya ya dawo sau biyar yana sauya fasali, na ƙarshe a jajibirin Salla, kuɗin bai ƙaru ba, kuma in rigar ta fito a karkace sunan telan ne zai ɓaci.

Abin da ya faru da Rhythm & Hues ya zama abin misali. Su suka yi damisar fim ɗin Life of Pi. A Fabrairun 2013 kamfanin ya bayyana karyewarsa ya sallami ma'aikata fiye da 200, ƙasa da mako biyu bayan haka kuma aikin nasa ya ci Oscar. Ɗaruruwan ma'aikata sun yi zanga-zanga a kusa da zauren bikin, da jagoran aikin, Bill Westenhofer, ya fara ambaton halin da kamfanin ke ciki a jawabinsa, sai kiɗa ya danne muryarsa aka kashe makirufo.

Rangwamen haraji ya ƙara dagula lamarin. Gwamnatocin Kanada da Birtaniya da New Zealand da Ostareliya na mayar wa masu fim wani kaso na kuɗin da suka kashe a ƙasarsu, don haka aiki na bin rangwame zuwa Vancouver da Montreal da Landan, ma'aikata na bin aiki da iyalansu. Ayyuka masu cin hannu da yawa, irin su zagaye siffar mutum hoto bayan hoto, sun koma Mumbai da Hyderabad da Bengaluru inda lada ya fi sauƙi. Kuma yayin da masu kyamara da masu haske da masu kwalliya a Hollywood suka daɗe da ƙungiyar ƙwadago, masu aikin kwamfuta ba su da ita. Sai a Satumban 2023 ma'aikatan wannan fanni na kamfanin Marvel, su kusan 50, suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan fim ta IATSE ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba. Adadin kaɗan ne idan aka duba dubban da ke aiki a kamfanonin kwangila.

Fuskar wa, izinin wa

Da jarumi Paul Walker ya rasu a haɗarin mota a Nuwamban 2013 ana tsakiyar ɗaukar Furious 7, 'yan'uwansa biyu suka tsaya a madadinsa, aka ɗora musu fuskarsa. Mutane da yawa sun karɓi wannan, tunda aikin da ya fara ne aka kammala da yardar danginsa. Rogue One na 2016 ya fi tada ƙura, domin ɗan wasa Peter Cushing da aka dawo da fuskarsa ya rasu tun 1994, bai san da fim ɗin ba. Akwai kuma mayar da tsoho yaro, kamar yadda aka yi wa Robert De Niro a The Irishman na 2019, inda masu kallo suka lura fuskar ta saurayi ce amma tafiyar ta dattijo.

Wannan na cikin abin da ya haddasa yajin aikin ƙungiyar 'yan wasan Amurka, SAG-AFTRA, na kwana 118 daga Yuli zuwa Nuwamban 2023. Waɗanda suka fi fargaba su ne masu cika taro a fim, waɗanda ake biya kuɗin yini: a ɗauki siffar jikinka sau ɗaya, a yi ta amfani da ita ba tare da an sake kiran ka ba. Yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yajin ta wajabta neman izini da biyan lada kafin a yi amfani da kwafin mutum. A Satumban 2024 jihar Kalifoniya ta kafa dokoki biyu a kan haka, ɗaya ta masu rai, ɗaya ta mamata, wadda ke buƙatar yardar magada.

Ƙirƙirarriyar basira kuma wani babi ne daban, bai kamata a cakuɗa ta da CGI ba. A CGI mutane ne ke gina komai da hannu a kan na'ura. Ita kuwa tana fitar da hoto daga abin da ta koya a miliyoyin hotunan wasu. A 2025 Netflix ya bayyana cewa ya yi amfani da ita wajen nuna rushewar wani gini a shirin El Eternauta na Ajantina, ya ce aikin ya fi sauri sau goma. A shekarar ne hukumar Oscar ta ce amfani da irin waɗannan na'urori ba zai ƙara wa fim dama ba, ba kuma zai rage masa ba.

Abin da ya shafi mai kallo da ƙaramin mai fim

Mai kallo a ƙasar Hausa ya fi haɗuwa da wannan aiki ta fina-finan Indiya na fassara. Baahubali na 2015 da 2017 da RRR na 2022, duka na darakta S. S. Rajamouli, sun nuna Indiya ba ɗakin kwangilar Hollywood kaɗai ba ce, tana yi wa kanta. Adipurush kuma ya nuna ɗaya fuskar: tallansa na farko ya sha suka har aka ɗage fitarsa daga Janairu zuwa Yunin 2023 don a gyara hotunan, bai kuma tsira daga sukar ba.

Tsadar manyan fina-finai na rage wa kamfanoni ƙarfin halin gwada sabon labari, shi ya sa kashi na biyu da na uku da maimaicin tsofaffi suka yi yawa. A gefe guda kuma kayan aikin sun yi araha. Manhajar Blender kyauta ce, da ita aka yi katun ɗin Flow na ƙasar Latbiya da ya ci Oscar a 2025. Ga mai shirya fim a Kano ko Kaduna ko Yamai, amfanin da ya fi kusa ba ƙera dodo ba ne. Goge eriyar waya da kwanon rufi daga fim ɗin sarauta, ƙara mahaya a bayan dawaki goma, gyara sararin sama, waɗannan kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi na iya yin su, in an samu wuta da wanda ya ƙware da kuma daraktan da ya tsara ɗaukar da gyaran a ransa tun farko.

Batun izinin fuska kuwa bai tsaya a Hollywood ba. Dabarar ɗora fuskar wani da aka yi a Rogue One a 2016 yanzu ana yin irinta a wayar hannu, ana saka wa malami ko ɗan siyasa ko jaruma maganar da ba su yi ba. Yarjejeniyar 2023 'yan ƙungiyar SAG-AFTRA kawai ta kare, dokokin 2024 kuma iyakarsu Kalifoniya. Ɗan wasan da ke sa hannu a takardar aiki a wajen waɗannan wurare, kariyarsa ta dogara ne a kan dokar ƙasarsa da abin da aka rubuta a takardar game da siffarsa da muryarsa.